DAGA BAKIN TAFKI: Ƙafa Ɗaya a Jirgi, Ƙafa Ɗaya a Gaɓa

A watan jiya mun yi alkawari cewa wannan karo za mu taɓa zancen bashi tsakanin masu bi. Ku gafarce mu. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba inda zai tafi kafin wata mai zuwa. Wani abu ne ya faru a ajinmu na baftisma wanda ya hana mu barci, muka ga bai kamata mu riƙe shi mu kaɗai ba.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kwatar Yelwa ranar kasuwa ya iya gane baƙo daga yadda yake shiga jirgi. Ɗan gari yakan taka sau ɗaya, ya wuce ciki, ya nemi wuri ya zauna. Baƙo kuwa sai ya sa ƙafa ɗaya a ciki ya bar ɗayar a gaɓa, wai yana gwadawa ko jirgin zai ɗauke shi. Bai sani ba nauyinsa ne yake tura jirgin. Jirgi ya ja baya, ƙafafu su rabu, sai ka ji tsundum! Yara su yi ta dariya. Wanda ya tsaya a gaɓa bai jiƙe ba, wanda ya shiga kuma bai jiƙe ba. Mai raba ƙafa shi kaɗai ya sha ruwa. Mu ma mun sha yin wannan dariya tare da yaran. Yanzu kam mun rage.

Akwai wani yaro a ajinmu, shekarunsa 16, ɗan masunci ne daga wata tunga a ƙasar Ngaski. Ba za mu faɗi sunansa ba, ko da yake shi da mahaifinsa sun yarda mu ba da labarin. Yaron yana da kai. In aka ba da aya a haddace, shi ne na fari; in aka ce a share majami'a, kafin a rufe baki ya ɗauki tsintsiya. Wata Asabar muna gyaran rufin aji, ya miƙa hannu sama zai karɓi kwano, rigarsa ta ɗaga, sai muka ga guru a ƙugunsa, baƙar fata ce ta sha gumi. Ba mu ce kome ba a gaban sauran yara. Da aka tashi muka kira shi gefe. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, Baba ne ya ɗaura mini tun ina ƙarami. Ya ce ran da na shiga ruwa babu shi a jikina, ba shi ba ni. Kai kuma ka koya mana mu yi wa iyaye biyayya. To, wanne zan bi?”

Ba mu da amsa a wannan rana. Diflomarmu tana rataye a bango, amma ba ta ce uffan ba.

Abin da ya ƙara ɗaure mana kai shi ne, uban ba baƙon ekklesiya ba ne. An yi masa baftisma fiye da shekara ashirin, yana zuwa sujada, yana cin jibin Ubangiji, in an yi godiyar kaka kwandon bandarsa ba ya rasa zuwa gaban bagade. Ranar Lahadi da yamma muka hau babur muka tafi tungarsu. Ya shimfiɗa mana tabarma a inuwa, matarsa ta kawo ruwa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Da muka kawo maganar bai yi musu ba, bai kuma yi fushi ba. Ya ce, “Malam, kai mutumin tudu ne. A kan tudu ba ni da kowa sai Yesu, Allah ne shaidata. Amma ruwa yana da masu shi. Ƙanena ya fi ni iyo, ya shiga da safe, sai bayan kwana uku muka tsamo shi. Yaron nan shi kaɗai ne namiji a gidana.”

Kada wani mai karatu a Kano ko Zariya ya yi saurin cewa jahilci ne. Mutumin nan Bagunge ne, kuma a goye aka fito da shi daga gungun da aka haife shi. Firayim Minista Abubakar Tafawa Balewa ya aza harsashin madatsar Kainji a 1964, aka gama aikin a 1968, a daminar wannan shekara kuwa kogin Kwara ya fara komawa tafki. Kimanin mutum 44,000 aka tayar daga ƙauyuka fiye da 200. Tsohuwar Busa, inda Baturen nan Mungo Park ya halaka a 1806, ta nutse. Mafi yawan tsibirin Foge ya nutse. Gungunan ƙasar Yauri da yawa, da gonakin albasar da Gungawa suke shayarwa da ƙwarya a bakin kogi, da kaburburan kakanni, duk suna ƙarƙashin ruwa yau. Gwamnati ta gina wa mutane sababbin gidaje na siminti a kan tudu, waɗanda har yanzu tsofaffi suke cewa ba su kai ɗakin ƙasa sanyi ba. Kogin da iyayensu suka san kowane dutse da kowane gurbi nasa ya zama wani abu dabam, mai tsawon kusan kilomita 135, mai iska da raƙuman ruwa, da kututturan itatuwa a ɓoye a ƙasa suna jiran cikin jirgi. Wanda ya tashi yana jin wannan labari a bakin uwarsa, sa'an nan ya binne ƙanensa, tsoronsa ba na wasa ba ne. Mun ji tausayinsa ƙwarai. Amma tausayi bai sa maganarsa ta zama gaskiya ba.

Gama me ya yi? Ya raba duniya biyu, ya ba Yesu tudu, ya bar wa wasu ruwa. Kuma a ruwan ne abincinsa yake, da ransa, da ran ɗansa. Watau ya ba Ubangiji wurin da ba ya jin tsoro, ya riƙe wurin da yake jin tsoro.

Muka roƙe shi ya bari mu karanta Luka sura 5 tare. Ku ma ku buɗe ku karanta da iyali a daren yau, domin a ganinmu mu mutanen bakin tafki mun fi masanan birni gane wannan sura. Tekun Galili, wanda Luka ya kira tafkin Janisarata, ƙarami ne in aka gwada shi da namu, tsawonsa bai wuce kilomita 21 ba. Amma ruwan daɗi ne kamar namu, akwai karfasa a ciki, akwai tarwaɗa, ko da yake Yahudawa ba sa cin tarwaɗa saboda ba ta da ɓawo. Bitrus da abokan aikinsa sun kwana suna su, ba su kama kome ba. Gari ya waye, sun fito, suna wankin taru. Kowane masunci ya san wannan lokaci: ido ya yi ja, baya yana ciwo, ga iyali a gida suna jiran a shigo da wani abu. A nan ne Yesu ya ari jirgin Bitrus ya yi wa'azi a ciki. Wannan ba wuya. Ba da aron jirgi ga malami ya yi wa'azi, kowa zai iya, kamar dai kawo kwandon banda ranar godiya.

Wuyar ta zo bayan an gama wa'azi. Yesu ya ce a tura jirgi zuwa zurfi a saki taru. Ku dubi wanda yake magana da wanda ake yi wa maganar. Masassaƙi ne daga Nazarat, garin tudu, yake koya wa masunci sana'ar ubansa, da rana kuma, lokacin da kifi ya riga ya sauka ƙasa. Da Bitrus ya amsa kamar uban yaronmu, da ba wanda zai ga laifinsa: Malam, kai mutumin tudu ne, ka riƙe Attaura ka bar mana ruwa. Bai kuwa ɓoye shakkarsa ba, ya faɗi wahalar da suka sha daren jiya. Amma ya ɗora da cewa tun da Yesu ne ya faɗa, zai yi. Lura fa, bai ga kifi tukuna ba. Tarun da ya wanke zai sāke ɓaci, abokan sana'a suna gaɓa suna kallo. Ya yi biyayya da shakkarsa a ciki. Kifin ya zo daga baya, har taru ya fara kecewa, jirage biyu suka cika suna neman nutsewa.

Bitrus bai yi rawa ba. Ya durƙusa a cikin kifin yana rawar jiki, yana cewa shi mai zunubi ne. Me ya tsorata shi? Ya gane cewa mai ruwan ne yake zaune a jirginsa. A Markus sura 4 kuma, da hadiri ya taso musu da dare, wannan Yesu ya tsawata wa iska da ruwa suka yi tsit. Littafi Mai Tsarki bai ce babu ikokin duhu ba, mu ma ba mu ce wa uban yaron haka ba. Abin da muka ce masa shi ne, ko mene ne yake cikin tafkin Kainji, halitta ne, yana da Ubangiji, Ubangijin nan kuwa shi ne wanda aka yi masa baftisma cikin sunansa, a cikin wannan ruwa.

Akwai kuma abu guda a surar da muka daɗe muna tsallakewa. A wace rana suka bar sana'ar suka bi shi? A ranar da suka yi kamun da ba su taɓa yin irinsa ba. Da sun tashi ne bayan daren da ba su sami kome ba, da sai mu ce talauci ne ya kore su. Mun san mutane da yawa da suke tuna Allah sa'ad da kifi ya ƙi, su manta da shi sa'ad da jirgi ya cika. Kada kuma wani ya ɗauka barin kome yana nufin zubar da iyali. Markus ya gaya mana Yakubu da Yahaya sun bar ubansu Zabadi tare da ma'aikata, ba shi kaɗai ba. Bitrus yana da mata, Yesu ya shiga gidansa ya warkar da surukarsa, Bulus kuma ya ambata cewa yakan yi tafiya da matarsa. Yawancinmu ba za a kira mu mu bar koma da birgi ba. Za a bar mu a cikin jirginmu, amma matuƙi ya sāke.

Tsofaffin da suka ga 1968 sun ba mu labari cewa ba kowa ne ya gaskata ruwa zai zo ba. An zo an auna, an kafa alamu, an ce ruwa zai kai nan. Wasu suka ce kogin da kakanninsu suka sani ba zai hau wannan tudu ba. Wasu suka kai mata da yara sabon gari, suka bar rumbu a tsohon, wai su ga abin da zai faru. Ruwa bai yi ciniki da kowa ba. Ba mu kawo wannan don mu ce tashin ya yi daɗi ba, ko kuwa an biya kowa hakkinsa. Wannan magana ce dabam, mai tsawo kuma. Abin da muke nufi shi ne, mutanenmu sun riga sun san cewa akwai kiran da ba a amsa shi rabi.

Sarki Saul ya gwada amsa rabi. A 1 Sama'ila sura 15 an ba shi umarni sarai game da Amalekawa. Ya tafi, ya yi yaƙi, ya ci nasara, ya cika mafi yawan abin da aka ce. Amma ya bar Sarki Agag da rai, ya kuma ware kyawawan tumaki da shanu. Da annabi Sama'ila ya zo, Saul ya tarye shi da fara'a yana cewa ya cika umarnin Ubangiji, ga kuwa kukan tumaki yana tashi a bayansa. Sai ya ce ai don hadaya aka kawo su. Annabin ya nuna masa cewa Allah ya fi son a ji maganarsa da a ƙona masa kitse. Abin da yake ba mu tsoro a labarin nan shi ne, Saul ya zubar da abin da ba ya so, ya riƙe abin da yake so, sa'an nan ya sa wa wannan suna biyayya.

To, kafin mu nuna uban yaron nan da yatsa, bari kowa ya saurari kukan tumakin da yake bayan gidansa. A ƙarshen shekarun 1990, lokacin aikin haɗin gwiwar Nijeriya da Jamus a kan kifin tafkin nan, an hana jan dala, tarun nan mai ƙananan idanu da ake kama warangi da shi, domin yana kwashe 'ya'yan karfasa da na giwan ruwa tun ba su girma ba. Mun san masu bi da suka ci gaba da ja da dare, su fitar da ushiri daga kuɗin ranar Lahadi. Akwai mai zuba maganin feshi a ƙorama ya kwashi matattun kifi, matarsa ta yi banda ta kai kasuwa, 'ya'yan wasu su ci. Akwai mai cika buhun albasa, manya a baki, ruɓaɓɓu a tsakiya, ɗan kasuwa ya ɗauka har Legas ko Anaca kafin ya gane. Akwai uwar da take rera waƙa a Zumuntar Mata ran Talata, amma shekara uku ba ta gaida matar ƙanen mijinta. Akwai uban da ya cire ɗansa daga makaranta a aji huɗu don ya riƙa kwashe masa ruwa a jirgi. Duk waɗannan ba su da guru a ƙugu. Maƙwabtanmu Musulmi, waɗanda muke kasuwa ɗaya da jirgi ɗaya da su, ba wa'azinmu suke aunawa ba. Tsakiyar buhun suke dubawa.

Dole kuma mu faɗi wani abu, kada a juya maganarmu. Akwai 'yan'uwa da suka tsinke guru suka jefar, muna gode wa Allah, sa'an nan suka ƙi sa rigar kariya, suna cewa ai mai bangaskiya ba ya bukatarta. Wannan ba bangaskiya ba ce. Iblis ya kai Ubangijinmu kan ƙololuwar Haikali ya ce ya yi tsalle, har da kawo aya, Yesu kuwa ya ƙi, domin ba a gwada Allah. Guru jingina ce ga wani iko dabam. Rigar kariya kuwa abu ne da Allah ya ba mutum hikimar yi, kamar laima da kinin, ba wanda yake yi mata hadaya. Ran 26 ga Mayu 2021, wani jirgin katako da ya taso daga jihar Neja zuwa Wara ya tsage a tsakiyar ruwa. Mutanen da ke ciki sun haura 150, ban da kaya. Waɗanda aka ceto kamar 20 ne, gawarwakin da aka tsamo kuwa sun wuce 70, mata da yara da yawa a ciki. Waɗanda suka ga Wara a wannan mako ba za su manta ba. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa ta hana lodin da ya wuce ƙima, ta hana tafiyar dare, ta ce a sa rigar kariya. Romawa sura 13 ta ce mu yi biyayya ga mahukunta. Mai bi wanda yake da jirgin haya, in ya ce wa fasinja na ƙarshe, “Ka yi haƙuri, ya cika,” alhali ga kuɗi a hannun mutumin, ga maƙwabcinsa yana ta ɗiba, wannan ya ɗauki gicciyensa a ranar. Mu kuma fasinjoji, sau nawa muka ga ruwa ya kusa taɓa bakin jirgi, muka yi shiru don kada mu kwana a kwata?

Uban yaron ya saurari duk wannan yana gyaran mamari, bai ɗaga kai ba. Da muka gama ya ce, “Malam, na ji. Amma in tambaye ka. Shekarar da aka kwashe 'yan makaranta a Birnin Yauri, an ce ka rubuta takarda a mai da kai wani gari. Gaskiya ne?”

Gaskiya ne. Ran 17 ga Yuni 2021, mako uku kawai bayan hatsarin Wara, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, suka tafi da ɗalibai masu yawa da wasu malamai. Na ƙarshen 'yan matan ba su dawo ba sai a 2023. Duk malamin makaranta a ƙasar Yauri ya kwana da ido ɗaya a buɗe a wannan damina. Muka rubuta takardar neman canjin wurin aiki, muka sa hannu, ba mu aika ba, ba mu kuma yaga ba. Muka ninke ta muka sa a cikin Littafi Mai Tsarki, daidai wajen littafin Yunusa, ba da gangan ba. Uwargida kaɗai muka gaya wa, amma kun san tunga. Mutumin ya ce, “To, kai ma kana da naka gurun. Nawa na fata ne, naka na takarda.”

Mun yi ta juya wannan magana a kan babur har gida. Ba daidai take ɗari bisa ɗari ba. Gudun haɗari ba zunubi ba ne. Ubangiji da kansa ya ce wa almajiransa in an tsananta musu a wani gari su koma wani, Bulus ma a cikin kwando aka zurara shi daga garun Dimashƙu. 'Yan'uwan da suka bar ƙauyukansu a Shanga ko Ngaski ko ƙasar Zuru saboda 'yan bindiga, ba wanda yake da bakin zarginsu, sai dai mu buɗe musu ƙofa. Amma a wani wuri mutumin ya same mu. Ba mu taɓa kai takardar nan gaban Allah ba. Ba mu tambaye shi ko mu tafi ko mu zauna ba, don muna tsoron amsar. Muka ajiye ta ko da za a bukata, idan ya zamana Ubangiji bai isa ba. Shekaru muna koya wa yara almajiranci da ƙafa ɗaya a gaɓa, muna kuwa mamakin abin da ya sa koyarwarmu ba ta da gishiri.

Wani zai ce, in na yi biyayya gaba ɗaya, yaushe zan ga amfanin? Ba mu da alkawarin taru mai kecewa ga kowa. Bitrus ɗin nan da ya ga kifi ya cika jirgi, shi ne daga baya ya sha bulala da kurkuku. Amma mu mutanen Kwara mun san wani abu. Kogin nan yana cika sau biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan daminarmu ne, mai laka. Baƙin ruwa kuwa yana isowa da rani, cikin sanyin hunturu, sa'ad da ko ɗigo ba ya sauka a nan. Ruwan sama ne da ya zuba a duwatsun ƙasar Gini watanni da suka wuce, ya bi ta fadamun Mali a hankali, ya zubar da lakarsa a hanya, ya iso mana garau. Banfield, mutumin Kanada, ya kafa tashar mishan a Shonga ta ƙasar Nufe a 1905. Mishan ɗin UMS da ya fito daga wannan aiki ya buɗe Salka cikin Kambari a 1923, da Zuru a 1925, daga baya aiki ya iso Yelwa, ekklesiyar UMCA kuma daga nan ta tsiro. Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa bai fito ba sai 1932. Waɗanda suka fara, Turawa da masu bishara 'yan ƙasa waɗanda suka bi ƙauyuka da ƙafa da kwalekwale, da yawansu sun mutu ba su ga majami'un da muke sujada a ciki ba. Ruwansu ne muke sha da rani.

Saura tambayar yaron. Bayan mun yi shawara da fasto da dattawan ekklesiya, ga abin da muka gaya masa. Afisawa sura 6 ta umarci 'ya'ya su yi wa iyaye biyayya, amma ta ɗaura wannan biyayya a cikin Ubangiji. Inda maganar uba ta yi karo da ta Allah, manzanni sun riga sun nuna mana a Ayyukan Manzanni sura 5 wanda ake fara bi. Saboda haka ba zai shiga ruwan baftisma da guru ba. Amma mun hana shi ya tsinke shi a ɓoye ya jefa a tafki, ya riƙa yi wa ubansa ƙarya. Mun kuma hana shi ya ɗaga murya a tsakar gida kamar wanda ya fi ubansa sanin Allah. Muka ce ya je ya durƙusa kamar yadda ɗa yake yi, ya ce, “Baba, hannunka ne ya ɗaura, ina roƙo hannunka ya kwance.” In uban ya ƙi, dattawa za su koma tare da shi, sau nawa ne ma. In har ya ƙi ƙarshen ƙi, yaron zai cire da kansa a gaban uban da dattawa, ekklesiya kuwa ta shirya ɗaukar abin da zai biyo baya, har da ci da kwanansa. Ba daidai ba ne mu tura yaro ɗan shekara 16 ya biya tamanin da mu manya ba mu shirya tayawa ba.

Mu kuma muka ciro takardarmu muka kai wa dattawa, muka faɗi abin da muka yi. Aka yi addu'a a kanta mako biyu, mu da uwargida da su. Muna nan. Takardar ta shiga murhu. Ba mu ce tsoro ya bi ta ba. Har yanzu in babura da yawa suka wuce da dare mukan farka.

Bayan mako uku, ana cikin tara, sai ga mutumin a ƙofar makaranta da ɗansa a baya. Ya miƙo mana wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Gurun ne, an yanke shi da wuƙa. Ya ce, “Malam, ga na yaron. Ni na yanke. Nawa kuwa ka bar ni tukuna.” Ba mu matsa masa ba, ba mu kuma ce masa ba kome ba. Fasto yana zuwa wurinsa kowace Alhamis. Muna roƙon masu karatu su riƙa tunawa da shi cikin addu'ar iyali, ko ba suna. Ubangiji ya san tungar.

Zumuntar Mata ta ekklesiyarmu ta tara kuɗi ta sayi rigunan kariya shida don yaran da suke ƙetaro ruwa zuwa makaranta, yaron ya sami ɗaya. Saura yara tara ba su da ita. An sa baftisma ranar Ista a bakin tafki, mutum goma sha ɗaya ne. Uban ya roƙi dattawa su bar shi ya riga kowa shiga da gora ya auna ƙasan wurin, don ya ce fasto ma mutumin tudu ne, bai san inda rami yake ba. Dattawa sun yarda.

Wata mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, zancen bashi.